Bin Sawun Gidan Baffa Ja'e

Madam, shugabar tawagarmu, ta ce in tsaya a gabanku ranar rufe tirenin in yi bayanin aikina. Na ce mata bakina rawa yake yi a gaban taro, gara in rubuta a karanta muku. Karatuna a firamare ya tsaya, in kun ga kuskure ku gyara a zuci. Jiya wajen cin abinci na ji ɗaya daga cikinku yana cewa ai aikin Maman Sadiq nuna ƙofa ne kawai, ko akuya aka ɗaura wa riga za ta yi. Ban ji haushi ba, har na yi dariya. Ni ma haka na zata kafin in shiga.

A ofis tiraka suke ce mini, mutanen gari kuma mai bin sawu. Ku sun san ku da masu tambaya. Binciken nan da kuka shigo ba na zuwa ɗaya ba ne. Gidajen da aka zaɓa tun farko su ne dai ake komawa duk bayan shekara biyu, a tambayi abin da ke shigowa, wa ke aiki, wa ya rasa aiki, wa ya yi aure, wa aka haifa, wa ya tafi. Ba a musanya gida da na maƙwabci ko da bangonsu ɗaya. Kuma dokar ofis ita ce, gidan da aka nema aka rasa zagaye biyu a jere, an cire shi ke nan har abada. Ku kuna da na'ura a hannu, tana nuna muku ɗigon inda gida yake. Ɗigon yana nan inda aka ajiye shi, mutanen ne ba sa zama. Nemo su shi ne abincina.

Kayan aikina ba su da yawa. Takalmin roba mai igiya a baya, don laka tana cinye silifa a hanyar Adogi. Lema babba wadda za ta rufe ni da goyo. Zanin goyo biyu, in ɗaya ya jiƙe a canza. Ƙaramar waya mai toci wadda take daɗewa da caji, ba don ofis kawai ba, don babbar 'yata Ummi tana wajen maƙwabciya, kuma ni in ban ji muryarta ba hankalina ba ya zama kan aiki. Sai goro da sabulu na gaisuwa, da maganin zazzaɓi na yara wanda ba na fita ba shi. Sauran kayan a baki suke. Mahaifina ɗan Kano ne, yadi yake sayarwa a kasuwar Lafia, mahaifiyata kuma Bafulatana, saboda haka na tashi da harshe biyu, na tsinci gaisuwar Alago da ta Eggon a wajen ƙawaye. Gaisuwa kaɗai tana buɗe rabin ƙofa.

Wajen Anti Ladi na koya. 'Yar ƙabilar Migili ce, mai faɗa da saurin tafiya, ita ta riƙe yankinmu kafin gwiwa ta kayar da ita. Ina budurwa ta ɗauke ni don in riƙa yi mata fassara a ruga. Aikin farko da na bi ta, wani tela muke nema a unguwar Akurba wanda ya tashi daga shagonsa. Na isa na tambayi mai shagon kusa, "Ina tela ya koma?" Mutumin ya dube ni sama da ƙasa ya ce bai san wani tela ba. Anti Ladi ta ja ni gefe.

"Ke 'yar sanda ce?"

"A'a, Anti."

"To me ya sa kike tambaya kamar 'yar sanda? Wanda ya tashi daga wuri, mutanensa rufa masa baya suke yi. Zauna ki gani."

Ta zauna a bencin mutumin, ta sayi gyaɗa, ta fara kukan yadda ba a samun mai ɗinkin hannun riga mai kyau a garin nan. Ba ta gama cin gyaɗar ba mutumin da kansa ya ce ai da akwai wani nan kusa, hannunsa kamar inji, yanzu ya koma bayan tasha. Tun daga ranar ban ƙara tambayar inda mutum yake ba. Abin da yake yi nake tambaya, sai a nuna mini inda yake.

Ta kuma koya mini cewa aikin ba ya ƙarewa in motar ofis ta tafi. Tsakanin zagaye da zagaye ba a biyan kowa, amma in an yi suna a gidajenmu ina zuwa, in an yi rasuwa ina zuwa gaisuwa. Ba wayo ba ne kawai. Mutumin da ka zauna a tsakar gidansa ya faɗa maka sau nawa suke ɗora tukunya, ba zai yiwu ka wuce shi a hanya kamar baƙo ba. Akwai wani Alhaji mai shagon kwanuka, duk zuwanmu sai ya ce kasuwa ta mutu, ba abin da ke shigowa, alhali kowane zagaye sai mun tarar ya ƙara ɗaki. Ba a ƙaryata shi. Ana tafiya da shi a hankali, a bi ta kan haya da kuɗin makaranta da cefane, har shi da kansa ya ce, "To, alhamdu lillahi, ana ɗan samu." Wannan ɓangaren naku ne. Nawa shi ne in tabbata ya shimfiɗa muku tabarma.

Gidan da nake so in ba ku labarinsa na Baffa Ja'e ne. Bafulatani ne dattijo, ya daɗe da zama wuri ɗaya a gefen Adogi, yana noma masara da dawa, ga garkensa a bayan bukkoki. Matarsa Goggo Dudu tana kawo nono kasuwar Lafia. Gidansu yana cikin binciken tun kafin in shigo. Ranar da Anti Ladi ta ajiye aiki, a cikin duk gidajen, shi kaɗai ta ja mini kunne a kansa. Ta ce, "Wannan da ƙyar na samu ya yarda. Kada ki bari ya zube a hannunki."

Mai yi masa tambaya kullum Malam Ishaya ne, wanda kuka gani yana koya muku na'ura, ɗan Eggon mai tsawon nan. Shi ya gano yadda ake bi da tambayar dabbobi. Makiyayi ba ya ƙirga shanunsa da baki, kuma ba ya son a ƙirga masa. In ka ce masa nawa ne, ko dai ya yi shiru ko ya tashi. Malam Ishaya sai ya ce, "Baffa, yaya farar nan mai karyayyen ƙaho?" Nan take Baffa zai saki jiki ya fara, ita da 'ya'yanta da jikokinta, kowace da sunanta da halinta, wadda ke harbi, wadda ba ta shan ruwa sai an yi mata fito. Malam Ishaya yana gyaɗa kai yana haɗawa a zuci. Baffa ya san abin da ake yi sarai. Ya yarda ne don ba a sa shi ya furta ba.

Sai shekarar da ba ta yi wa kowa daɗi ba ta zo. Kuɗin mota ya tashi, hatsi ya yi tsada, mutane suka riƙa tashi daga haya ba sallama. A ƙauyuka kuma ga ciwon shanu ga ɓarayi. A wancan zagayen ina da tsohon cikin Sadiq, amma na hau okada har Adogi. Muka tarar bukkokin sun rushe, ciyawa ta rufe inda garke yake. Maƙwabtansu manoma suka ce sun tashi, ba su faɗi inda za su ba. Na yi iya nemana har ƙafa ta kumbura likita ya hana ni fita. Aka rubuta ba a samu ba. Zagaye ɗaya ke nan da aka rasa su.

Zagayen da ya biyo baya da damina aka yi. Madam ta kira ni ta ce an kusa gama Lafia, ƙarshen mako tawaga za ta wuce Obi, in ba a ga Baffa Ja'e ba za ta rufe gidan. Ba mugunta ba ce, doka ce. Na ce ta ba ni kwanakin da suka rage.

Na goya Sadiq na tafi inda matan Fulani ke zama da ƙorensu a kasuwa. Ban ambaci kowa ba. Na sayi fura, na sauke yaron na ba wata tsohuwa ta riƙe, duk da cewa tari take yi kuma raina bai so ba. Muka yi hirar tsadar gero. Can na ce ni dai tun da na daina samun nonon nan na Adogi mai man shanu a sama, fura ta fita raina. Wata matashiya ta ce, "Na Goggo Dudu? Ai ba ta biyo motar Adogi yanzu. An ce a Akurba ake ganinta, gida-gida take bi." Tsohuwar ta harare ta.

Akurba ba ƙarama ba ce, kuma kullum gini ake yi. Amma mai fura dole ta nemi inda za ta niƙa gero, a gari ba a barin mutum ya yi daka da sassafe a gidan haya. Na bi masu injin niƙa ɗaya bayan ɗaya, ruwa yana dukan lema, ina taɓa goshin Sadiq ta baya ko ya yi zafi. A wani inji kusa da masallaci na hango ta zaune kan dutse tana jiran layi. Ta rame, amma zaman nan nata a miƙe bai canza ba.

Na durƙusa na gaishe ta da Fulatanci. Ta dube ni ta daɗe.

"'Yar Ladi," ta ce. Haka take kirana. "Kin haihu."

"Na haihu, Goggo."

Ta karɓi yaron ta tofa masa addu'a, ta buɗe ƙwarya ta zuba mini nono a ludayi. Ina kurɓa na gane. Santsi ne da shi da zaƙi-zaƙi, babu ƙamshin hayaƙi, babu ɗigon mai. Madarar gari ce aka dama aka kwana da ita. Matar da ta yi shekaru tana tatsa da hannunta ba ta sayar da wannan sai in babu abin tatsa. Na shanye na ce ya yi daɗi. Ta san na gane, na san ta sani.

"Ya ce in masu tambaya suka zo a ce mun koma Taraba," ta faɗa tana kallon injin. Ba ta kiran sunan mijinta, shi kawai take cewa.

"To, Goggo. In haka ya ce, haka zan faɗa?"

Ta rufe ƙwaryar. Ta ce shanun nasu wasu ciwo ya kwashe, sauran ɓarayi suka kora. Yanzu wani Alhaji ya ba su ɗaki a filinsa, shi kuma yana yi masa kiwon bijiman turka ana biyansa a wata. Maƙwabta sun ɗauka bijiman nasu ne, suna ce masa mai shanu, shi bai ce eh ba bai ce a'a ba. "In farar motarku ta tsaya a ƙofa, aka taru, aka tambaye shi a gaban mutane, gobe ba za ki same mu a garin nan ba. Ni kuma na gaji da tashi." Sannan ta ɗauki geronta, kamar da wani take magana ta ce, "Da hantsi yana yankan ciyawa a bakin rafi, bayan gonar rogo."

Da na koma ofis na ba da labari, direba har ya ta da mota. Madam ta yi murna, ta ce a je yanzu a gama. Na ce mata in aka je da mota an rasa shi. Malam Ishaya ya goyi bayana da Hausarsa da kuka sani.

"Madam, abeg, wannan baba ba na mota ba ne. Matan ya riga ya gaya mana hanya. A bar ni da Maman Sadiq mu taka."

Washegari ya cire rigar ofis mai tambari, ya sa tsohuwar shadda, ya saka na'urar a baƙar leda kamar mai ɗauke da burodi. Muka sauka daga keke mai ƙafa uku nesa, muka bi gefen gonar rogo. Sauro ya yi yawa a bakin rafin, na lulluɓe Sadiq da zani na biyu har kai, ina buɗewa ina leƙawa ko yana numfashi da kyau. Malam Ishaya ya ce, "Ke za ki dafa yaron nan kafin sauro ya samu nasa."

Muka sami Baffa a sunkuye da lauje. Ya ɗago ya gan mu, ya koma ya ci gaba da yanka. Muka yi sallama ya amsa, don sallama ba a ƙin ta. Na ajiye goro a kan damin ciyawa na koma gefe na zauna. Daga nan aikina ya ƙare, saura na Malam Ishaya, kuma ina so ku ji yadda ya yi.

Bai buɗe ledar ba. Ya tsuguna yana tara ciyawar da Baffa ya yanka yana ɗaurawa. Ɗaurin farko ya kwance. Baffa ya dube shi ya ce, "Ɗan boko, haka ake ɗauri a garinku?" Ya karɓa ya nuna masa. Suka yi ta yi har aka haɗa dami. Sannan Malam Ishaya ya ce, "Baffa, ka san abin da ya kawo mu. Ba dole. In ka ce mu tafi, mun tafi, ba wanda zai ji komai daga bakinmu. Amma ba zan ɓoye maka ba, in mun tafi yau, an cire gidanka, ba za a ƙara zuwa ba."

"Ku cire," Baffa ya ce. "Mai shanu kuka rubuta. Wancan mutumin ba ya nan."

"Ba mai shanu muka rubuta ba, Baffa, gidan Ja'e muka rubuta. In masu samu kaɗai muke bi, wanda ya faɗi muka bar shi, ai ƙarya za mu kai. Za a ce shekarar nan kowa lafiya."

Baffa ya goge laujen da ganye. Sadiq ya farka ya fara kuka, na juya baya na ba shi mama. Ina jin ruwan rafi. Na riga na fara tunanin yadda zan je in gaya wa Anti Ladi.

"Abin da na faɗa muku a da," Baffa ya ce a hankali, "yana nan?"

"Yana nan."

"Har sunayensu?"

Nan wani sai ya ce eh don a samu shiga. Malam Ishaya ya ce, "Sunaye ba su shiga ba, Baffa. Adadi ne kawai. Amma yana nan, kowane zuwa da nasa, ba mai goge shi."

"Kada ka faɗa mini adadin."

"Ba zan faɗa ba."

Baffa ya zauna a kan damin. Ya ɗauki goro ɗaya ya fasa, ya miƙa wa Malam Ishaya rabi. "Fito da abin naka."

Aka fara daga mutanen gida. Babban ɗansa ya tafi kudu yana kiwo a hannun wani. 'Yarsa ta yi aure. Ƙaramin yana makaranta a Akurba, abin da bai taɓa faruwa ba a gidan, kuma da Baffa ya faɗi wannan sai da ya gyara zama. Aka zo kan sana'a. Ya ce, "Rubuta yaron Alhaji." Malam Ishaya ya ce ba haka ake rubutawa ba, mai kiwo na albashi ake cewa. Baffa ya ce, "Sunan ya fi aikin kyau." Har ya yi ɗan murmushi.

Sai tambayar dabbobi ta iso. Malam Ishaya ya tsaya, don tsohuwar hanyarsa ba ta da amfani yau, babu farar da zai tambayi lafiyarta. Baffa ya gane inda aka tsaya.

"Bijiman na Alhaji ne," ya ce. "Akwai karsana guda a cikinsu, ja. Surukina ya kawo mini."

"Taka ce ke nan?"

"A'a. Aro ce. Haka muke yi wa wanda ya rasa. Za ta zauna a hannuna ta haihu, abin da ta haifa nawa ne, ita kuma a mayar wa mai ita." Ya tauna goro. "Ta ɗauki ciki. Ban gaya wa kowa ba tukuna."

"To me zan rubuta, Baffa?"

Ya miƙe ya kama damin, Malam Ishaya ya ɗaga masa ya aza a ka. Yana tsaye da ciyawa tana ɗiga masa ruwa a kafaɗa ya ce, "Rubuta babu. Amma ka bar wuri a ƙasa."